Daga Bayan Ɗaki Zuwa Bakin Titi: Tarihin Sana'ar Renon Furanni a Wajenmu



Duk shekara idan bikin kafa ƙungiya ya zagayo, mukan ɗauki sana'a ɗaya daga cikin waɗanda mambobi ke yi, mu bi tarihinta. Bana mun ɗauki wadda ta fi jawo gardama a zaurenmu, wato renon furanni da itatuwan ado. Dalili kuwa, akwai takardun neman rance a gaban kwamiti daga wasu 'ya'yanmu mata da suka gama sakandare, suna so su riƙi wannan aiki a matsayin sana'ar rayuwa. A taron da ya wuce, wata dattijuwa da duk muke kira Inna ta miƙe ta ce, "Ni dai ku faɗa mini, fulawar nan ana miya da ita ne?" Aka yi dariya. Amma tambayar Inna tambaya ce ta gaske, domin kuɗin ƙungiya gumin kowa ne, kuma ba a ba da rancensa a kan sha'awa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya baya tukuna, mu ga daga ina sana'ar ta fito, wa ya ci moriyarta, kuma ina mata suke a cikinta.

Ƙarya fure take

Ba Inna ce ta fara shakkar fure ba. Kowa ya san karin maganar nan, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A idon manomi fure alkawari ne kawai. Sai ya zama kwanson wake ko ɗan kuɓewa sannan ake lissafa shi cikin abin da aka samu.

Har ma akwai wani ɗan itace da Bahaushe ya raɗa wa suna ƙarya, wasu su ce ƙariya. Gindinsa a kumbure kamar ƙaramar kuka, furensa ja-ja mai haske, yana fitowa da rani lokacin da ko ganye babu a jikinsa, amma da wuya a ga ɗansa. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa cikin wani littafi da aka buga a 1916, kuma ƙariya tana ciki. Kun ga ke nan, tun fiye da shekara ɗari da suka wuce akwai wannan itace a garuruwanmu, ba a cinsa, ba ya ba da inuwar kirki, amma mutane sun san shi har sun ba shi suna. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Abin da kakanninmu suka shuka

Idan muka ce Hausawa ba su san shukar ado ba sai da Turawa suka zo, mun yi wa kakanninmu rashin adalci. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin gidajen birni da itatuwan da ke cikinsu, irin su alilliba da gwanda da dabino. Ceɗiya da durumi kuwa, reshe ake sarowa a kafa a ƙofar fada, ko bakin masallaci, ko kasuwa, ya kama ya zama inuwar jama'a. Aguwa da bini-da-zugu su ne shingen gona da na gida. Wannan kafa reshe shi ne ainihin abin da masu gidan reno ke yi yau, sai dai su a leda suke yi.

A cikin gida kuma aikin na mata ne. Wace ce a cikinmu ba ta tashi ta ga lalle a bayan ɗakin kakarta ba? Ganyen na ƙunshi ne, amma duk wadda ta kwana kusa da lalle mai fure ta san ƙamshin da yake yi da dare. Ga daddoya a fasasshiyar tukunya, ga zogale a jikin danga, ga rama da yakuwa a gefen makwarara inda ruwan wanke-wanke ke bi. Matar da ke cikin kulle ta san wace shuka ke son rana, wace ke son inuwa, ta san yadda ake kare tsiro daga akuya da ƙaya, ta san tokar murhu tana rage ƙwari. Ba wanda ya kira wannan sana'a, domin ba a sayarwa. Kyauta ake yi: "Yaya, ki yanko mini reshen lallenki in kafa."

Akwai ma furen da ya daɗe yana kawo kuɗi ba mu lura ba. Zoɓon da muke jiƙawa ai ɓawon furen yakuwa ne. Yau daga Jigawa da Kano da Katsina ake loda shi a kai har ƙasar Meziko, kuma hannun mata da yara ne ke ɓare shi. To Inna, ga fure ɗaya dai da ake sha.

Zamanin Turawa: gadina da darbejiya

Abin da Turawan mulki suka kawo shi ne biyan mutum albashi don ya kula da shukar da ba a ci. Da suka kafa unguwanninsu a wajen gari, kamar Nassarawa a Kano, da Kaduna wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, kowane gida da filinsa, da shingen shuka da ake aske wa kai, da furannin da aka kawo daga wasu ƙasashe. Mai kula da su shi ne gadina. Gadina namiji ne, domin aiki ne na gidan wani, a wajen gari, inda matar aure ba ta zuwa. Tun daga nan ilimin sababbin furanni ya shiga hannun maza.

A wannan zamani ne kuma aka kawo itacen da ya sauya kamannin garuruwanmu. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, asalinta daga ƙasar Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Ta jure fari, ta jure akuya, ta cika titunan Maiduguri, daga nan ta bazu ko'ina. Yau yaro zai rantse tun fil azal take nan. Darasin da ke ciki shi ne, baƙuwar shuka tana zama 'yar gida idan ta dace da ƙasa, kuma kowace darbejiyar farko sai da wani ya rene ta tana ƙarama.

Jos kuma labarinta daban. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga sanyi. Haƙar kuza ta tara Turawa a can, suka shuka kabeji da latas da furen wardi da sauran abubuwan da zafin Kano ba ya bari. Ma'aikatansu suka koya, suka ci gaba bayan sun tafi. Har gobe Jos ce cibiyar furen da ake yankowa a ɗaure a sayar, daga can ake kai wa Abuja da Legas.

Fari da baƙar leda

Iyayenmu da yawa suna tuna farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, rairayi ya riƙa cin gonaki a arewacin Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Daga nan gwamnatoci suka tashi haiƙan da dashen itatuwa. Aka yi dogayen layukan darbejiya da turare don tare iska a wajen Dambatta da Gumel da Haɗeja. Ma'aikatan gandun daji suka buɗe wuraren reno, aka riƙa rabon dashe a makarantu da ƙauyuka duk damina.

Wani ƙaramin abu ya taimaka ƙwarai a nan, wato baƙar leda. Da, idan za a dasa itace sai a tumɓuke shi da saiwa tsirara, da yawa su mutu a hanya. Da leda kuwa, tsiron yana tafiya da ƙasarsa, ana iya ɗora shi a kura ko a mota, a ajiye shi kwanaki ana ba shi ruwa kafin a dasa. Ledar nan ce ta mai da tsiro haja. Leburorin da suka yi aiki a waɗancan wuraren reno su ne da yawa suka fara buɗe nasu daga baya.

Karatun abin ma a lokacin ya fara zama da gindinsa. A farkon shekarun 1970 Gwamna Audu Bako ya kafa gidan zu na Kano haɗe da lambun itatuwa. A 1975 aka kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Ibadan, wadda take da reshe a Bagauda. A 2002 kuma aka buɗe kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu a Dadin Kowa, jihar Gombe. Ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Muna kawo waɗannan ne don iyaye su sani cewa yarinyar da ta ce za ta karanci aikin lambu, akwai makarantarsa da takardar shaidarsa.

Abuja da bakin titi

Babbar kasuwar shukar ado ta buɗe ne da gina Abuja. An yanke shawarar gina ta a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Sabon birni ne da aka tsara da filayen shaƙatawa da tituna masu itatuwa, ga ma'aikatu, ga otal-otal, ga gidajen manya, kowanne yana neman ciyawa da fure. Filin Millennium Park da Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamban 2003 misali ne ɗaya. Masu reno suka jeru a gefen tituna da bakin rafuka, inda ruwa yake kusa kuma mai mota zai gani ya tsaya.

Abin da aka gani a Abuja shi aka kwaikwaya a sauran garuruwa. Wanda ya gina gida a Kano ko Kaduna ko Katsina yana so a jera masa shuka a jikin katanga. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, bankuna, gidajen mai, wuraren biki, duk suka zama masu saye. Daga baya shirin nan na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya ƙara buƙatar dashe a jihohi goma sha ɗaya na Arewa.

To, ku bi bakin titin nan ku duba. Wa kuke gani a tsakanin ledoji da tukwanen siminti? Maza ne kusan duka. Ba don sun fi mu hannun shuka ba. Su ne ke iya wuni a bakin titi, su kwana gadi, su yi ciniki da baƙo, su bi mai gida zuwa gidansa su dasa masa. Sana'ar da ta faro a bayan ɗaki, da ta fara kawo kuɗi sai ta koma inda ƙafarmu ba ta kaiwa.

A wasu ƙasashen ba haka abin yake ba. A Kenya, gonakin wardi na bakin tafkin Naivasha cike suke da mata ma'aikata, ana yanke fure yau a sa a jirgi, ya kwana a kasuwar Holan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wannan harka tana buƙatar ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da jirgin sama a kusa, kuma yawancin matan can leburori ne a gonar wani. Abin da ya dace da ƙasarmu da aljihunmu shi ne shuka mai rai a leda ko a tukunya, wadda idan ba a saye ta yau ba, gobe ta ƙara girma ta ƙara kuɗi.

Yanzu mu koma kan ƙarya. Itacen nan na ƙasashenmu ne na Sahel da gabashin Afirka da Larabawa. Masu lambu a ƙasar Tailan da Taiwan suka ɗauke shi, suka yi ta aurar da iri, suka fitar da launuka iri-iri, wasu furen ninki-ninki, suna sayar wa duniya a tukwane. Yau ana shigo da irinsa har nan, mai kuɗi ya saya ya ajiye a barandarsa, bai san kakarsa ta san shi ba. Ashe ƙaryar tana 'ya'ya, wasu ne suka tsinke.

Namu ɗan tarihin

A ƙungiyar nan ba da shiri muka shiga harkar ba. Wasu 'yan uwa ne suka fara tara ledar fiya wata, suna tsirar da ƙwallon mangwaro da gwaiba da zogale a tsakar gida, yara suna kaiwa bakin kasuwa da damina. Daga nan wata ta koyi auren mangwaro da lemo wajen wani tsohon ma'aikacin gandun daji, ta koya wa sauran. Dashe mai aure ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin yana saurin haihuwa kuma an san irin ɗan da zai yi. Masu saye ne da kansu suka fara tambaya, "Hajiya, ba ku da fulawa?" Sai aka shiga kafa reshen boganbiliya da alobera da shukar shinge.

Mun kuma sha wuya, kada mu ɓoye. Akwai shekarar da muka sami aron wani fili a bakin hanya, da baki kawai, babu takarda. Muka zuba kaya, muka sa yaro gadi. Da aikin faɗaɗa hanya ya zo, kwana kaɗan aka ba mu. Abin da muka iya kwashewa muka kwashe, sauran mota ta bi ta kai. Akwai kuma bazarar da rijiyar da muke dogaro da ita ta ƙafe, muka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ribar shekara ta tafi a jarka. 'Yar uwar da ta fi kowa asara a lokacin sai da ta sayar da akuyoyinta ta biya rancen ƙungiya. Tana cikinmu har yau, kuma ita ce ta fara cewa a ba yaran nan dama, amma a ba su da sharaɗi.

Abin da aikin yake buƙata

Ga 'ya'yanmu masu sha'awa, ku saurara da kyau. Wannan aikin ƙasa ne da laka da dakon ruwa. Hoton da kuke gani a waya ƙarshen aikin ne.

Na farko ruwa. Tsiron da ke cikin leda ba shi da inda zai miƙa saiwa ya nema, da bazara sai an ba shi safe da yamma, ranar biki da ranar makoki. Kwana biyu aka yi sakaci a watan Afrilu, aikin wata shida ya tafi. Na biyu ƙasa. Ana haɗa ƙasar sama mai kyau da yashi da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A huda gindin leda ruwa ya riƙa fita. Na uku inuwa: rumfar zana ko ta kara ta isa ga ƙananan tsirrai, amma kafin a sayar sai an riƙa fito da su rana kaɗan-kaɗan su saba. Na huɗu shinge, saboda akuya ba ta san jari ba.

Sai sanin halin kowace shuka. Ƙarya da alobera yawan ruwa ne ke kashe su, gindin ya ruɓe. Boganbiliya idan ta ƙoshi da ruwa da inuwa ganye kawai za ta yi, sai ta ɗan sha rana da ƙishi take fure. Kuma a kula, ruwan farin da ke fita daga jikin ƙarya dafi ne, ba a barin yara su yi wasa da shi, a wanke hannu bayan an yanka.

Sai lissafin lokaci. Ciniki ya fi tafiya daga faɗuwar damina, Yuni zuwa Agusta, lokacin da kowa ke son dasawa. Ke nan aikin reno da rani ake yinsa, a kashe kuɗi wata da watanni kafin a ga kwabo. Wadda za ta ci rance dole a tsara mata biya daidai da wannan, ba irin na mai ƙosai da ke juya kuɗinta kullum ba.

Abu ɗaya ya sauya wanda iyayenmu ba su samu ba. Yau mace tana tsakar gidanta za ta ɗauki hoton shukarta ta sa a WhatsApp, a yi ciniki, a turo kuɗi, mai adaidaita ya kai. Bakin titin ya shigo cikin waya. Wannan ya cire babban abin da ya fitar da mu daga sana'ar tun zamanin gadina.

Abin da ke gabanmu

Idan muka haɗa tarihin nan wuri ɗaya, abin da ya nuna mana shi ne hannun shuka muna da shi tun kaka da kakanni, kasuwa kuma ta samu. Fili mai takarda da ruwan da ba ya yankewa su ne ba mu da su, kuma su ne mace ɗaya ba ta iya samu ita kaɗai. Don irin wannan aka kafa ƙungiyar gama kai.

Shawarar da kwamiti zai kawo gaban babban taro ita ce kamar haka. Kada a ba kowace yarinya kuɗi a hannu ta je ta nemi bakin hanya. Ƙungiya ta nemi fili da sunanta, da takarda, a haƙa rijiyar burtsatse, a kewaye, a raba wa masu so kowa da layinta. Duk wadda za ta shiga sai ta yi rani ɗaya da damina ɗaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikin iyayen da suka daɗe a aikin. Kuma kowace ta haɗa shukar ado da dashen mangwaro da lemo da gwaiba, don idan kasuwar ɗaya ta kwanta ɗaya ta riƙe ta. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma idan aka sa shi a nan, wasu buƙatun za su jira. Shi ya sa muke so kowace mamba ta tattauna da mutanen gidanta, ta zo da ra'ayinta, na amincewa ko na ƙi.

Ga iyaye maza da mazajenmu, muna roƙon ku duba abin da idon basira. Malamai sun sha faɗa mana falalar dasa itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za su amfana da shi. Yarinyar da ke wannan aiki a fili mai katanga, cikin iyayenta mata, tana neman halalinta ne.

Inna kuma, mun ji tambayarki. Ba a miya da fulawa, gaskiyarki. Amma 'yar uwar nan da ta taɓa sayar da akuyoyinta ta ce a gaya miki, kuɗin cefanen gidanta na daminar bara daga ledojin nan ya fito, kuma ta ajiye miki tukunyar ƙarya guda, za ta kawo miki ranar taro.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ƙara mana haɗin kai, Ya sa albarka a abin da muke shukawa, Ya maimaita mana. Amin.